Nerin ɗina ganye kawai take yi, ina furen?

"Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya akan wata fulawa da ake ce ma nerine. Shekara biyu kenan da na sayi kawunanta guda goma na shuka a lambun bayan gida, na haƙa rami mai zurfi kamar yadda nake yi ma sauran fulawowi masu kai, na zuba taki sosai kuma ina ban ruwa. Duk shekara ganye take fitarwa kore shar, amma ko fure ɗaya ban taɓa gani ba. Inda nake ana sanyi sosai da hunturu har ruwa yana daskarewa. Shin in tone ta in canza mata wuri ne, ko kuwa dai mara kyau aka sayar min?"

Wa alaikumus salam Hajiya. In na fahimce ki abu biyu kike son sani, me ya hana ta fure, sannan tonewa zai gyara lamarin ko zai ƙara dagula shi. Toh bari in fara kwantar miki da hankali, kan fulawa (wato dunƙulen gindinta mai kama da albasa) da yake fitar da ganye kore shar shekara biyu a jere lafiyarsa lau, ba a cuce ki ba. Kuma dan Allah ki ajiye fartanyar nan tukuna har ki gama karantawa, domin a cikin bayanin da kika yi da kanki na hango abu biyu da nake zargi, zurfin ramin da kuma takin da kika ce kin zuba sosai, akwai kuma na uku wanda ba laifinki bane, halin shukar ne kawai.

Wacce nerin ce a hannunki?

Nerin 'yar kudancin Afirka ce, Afirka ta Kudu da Lesotho da maƙwabtansu, kuma danginta sun haura iri ashirin. Wani masanin tsirrai ɗan Ingila William Herbert ne ya raɗa mata sunan a 1820. Amma a kasuwar fulawa iri biyu ne suka fi yawo, kuma nan ne mutane suke ruɗewa saboda kawunansu kamar an tsaga kara, amma kalandarsu ta saɓa gaba ɗaya.

Ta farko ita ce Nerine bowdenii, mai fure ruwan hoda, gefen furen a murɗe kamar an yi masa kitso. Asalinta gabashin Afirka ta Kudu ne, har kan duwatsun Drakensberg, wurin da ake ruwan sama a lokacin zafi, hunturu kuma ya zo a bushe da sanyi mai ratsa ƙashi. Don haka ita da bazara, wato lokacin da sanyin hunturu ya wuce kafin zafi ya kankama, take fitar da ganye, ta sha ruwa duk lokacin zafi, ta yi fure da kaka, sannan ta kwanta barci da hunturu. Sunanta daga Athelstan Cornish-Bowden aka ɗauko, shi ne ya aika da kawunanta Ingila. Ita ce mai jure sanyi, in ta kafu a ƙasar da ba ta riƙe ruwa tana iya jure digiri 10 ƙasa da sifiri ba abinda ya same ta.

Ta biyun Nerine sarniensis, mai fure ja jawur, wanda in rana ta haska shi sai ki ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin zinare, wallahi duk hoton da kika gani bai kai ganin ido ba. Ita daga yammacin ƙasar take, wajen duwatsun Cape Town, inda ruwan sama da hunturu yake sauka, lokacin zafi kuma ya bushe ƙamas. Kinga nata ya zama akasin na waccan, fure da kaka, ganye duk hunturu, barci a lokacin zafi. Ita ce ake dangantawa da tsibirin Guernsey da ke tekun tsakanin Ingila da Faransa, har sunan nata daga Sarnia ya fito, tsohon sunan da ake kiran tsibirin da shi a Latin, kuma da farko Turawa sun daɗe suna zaton daga Japan ta zo. Wannan ba ta jure daskarewa ko kaɗan tunda ganyenta a tsakiyar sanyi yake waje.

Yanzu ki duba naki. Kin ce wurinku ruwa yana daskarewa, kuma ganye na dawowa lafiya duk shekara. Da sarniensis ce da tuni sanyi ya dafa ganyen ya zama kamar lalataccen tsumma, wata ƙila ma kawunan sun ruɓe. Shi yasa nake kyautata zaton bowdenii ce gare ki, kuma akanta zan fi tsayawa. In kina son tabbatarwa ki lura da watan da ganyen ke fitowa, in wajen Maris zuwa Afrilu ne toh ita ce. Watannin da zan riƙa ambata na arewacin duniya ne, wanda yake kudanci sai ya juya su da wata shida.

Furen bana ba a bana aka fara shi ba

Wannan shi ne abinda na so a ce an gaya min tun ranar da na fara, da na huta da ɓacin rai. Nerin bowdenii ba ta haɗa fure a cikin wata biyu ko uku kamar sauran shuke-shuke. Ɗan tohon furen yana farawa ne can cikin cikin kan, ya yi ta girma a hankali kusan shekara biyu ko ma fiye kafin ya leƙo waje, har ma a babban kai guda ana samun toho fiye da ɗaya, wani na bana wani na baɗi suna layi. Ni da idona na gani, wata rana ina gyaran gefen bango shebur ya raba min wani babban kai gida biyu, na ɗauka ina jimami, da na duba tsakiyar sai ga wani ɗan fari ƙal kamar tsinin allura mai kauri a kwance tsakanin ɓawon, gefensa kuma wani ƙarami wanda sai ka ƙura ido. Furen shekara biyu kenan na datse da hannuna.

Ma'anar wannan a aikace ita ce duk wahalar da kan ya sha, tonewa ne, bushewa a shagon mai sayarwa ne, yanke saiwa ne, tana iya sa ya zubar da tohon da yake reno, kuma ba za ki ga sakamakon ba sai bayan shekara ɗaya ko biyu. Kawunan da kika saya an tone su, an yanke musu saiwa, sun zauna a leda ko kwali Allah kaɗai ya san tsawon lokacin. Saiwar nerin kuma mai kauri ce mai ruwa, ba ta mutuwa duk shekara, don haka sai ta sake gina ta daga farko. Shekarar farko ba fure, wannan kusan al'adarta ce. Ta biyu ma ba abin mamaki bane. In kuwa kika tone ta yanzu don haushi kika kai ta wani wuri, kin mayar da agogon baya, kuma haka mutane suke yi, duk shekara biyu su canza mata wuri suna cewa wurin ne bai karɓe ta ba, har su gaji su zubar.

Akwai kuma maganar girman kai. Masu sayarwa kan rubuta lamba irin 12/14 a jikin leda, wato kewayen kan a sentimita. Wanda bai kai 12 ba yawanci yaro ne, sai ya ƙara shekara yana cin abinci kafin ya iya fure. In naki ƙanana ne lokacin da kika saya to wannan ma ya shiga lissafi.

Zurfin ramin

Nan ne nake ganin babbar matsalar. Ƙa'idar da aka saba ji ta cewa a binne kai zurfin tsawonsa sau biyu ko uku gaskiya ce ga wasu fulawowi masu kai irin su tulif, amma nerin ba ta cikin wannan layi. Kanta yana da dogon wuya, kuma wuyan nan so yake ya leƙo saman ƙasa rana ta riƙa dukansa. In kika je wurin da tsohuwar nerin ta shekara goma ba a taɓa ta ba za ki ga kawunan sun turo juna sun hau sama, rabin jikinsu a waje, sun cunkushe kamar ba za su yi numfashi ba, kuma su ne suka fi kowa fure. Wanda aka binne can ƙasa kuwa ƙarfinsa a ganye da 'ya'ya yake ƙarewa.

Abinda zan ce ki yi, ki sa yatsa ko ɗan cokali ki yaye ƙasar gindin guda ɗaya a hankali har ki taɓa wuyan. In ƙasar da ke kansa ba ta wuce sentimita 4 ko 5 ba, ba sai kin tone komai ba, ki kwashe ƙasar saman kawai daga duk layin har wuyoyin su bayyana, ki zuba 'yar tsakuwa a wurin don kar ya zama kwari ruwa ya riƙa kwanciya, shikenan. In kuwa kin zura hannu har wuyan hannu kafin ki same shi, toh babu makawa sai an ɗaga, amma sau ɗaya tak, kuma da farkon bazara lokacin da ganye ke shirin fitowa. Ki soka cokali mai yatsu na lambu daga nesa ki ɗago su da ƙasarsu da saiwarsu, kar ki wanke, kar ki shanya, ki mayar a ranar, tazarar sentimita 10 tsakani, wuya a waje. Daga nan ki ɗauke ido akansu, ki sa a ranki wata ƙila baɗi ma ba fure, sai baɗin baɗaɗa.

Na san za ki ce to sanyi fa, in wuyan yana waje ba zai daskare ba? Tambaya ce mai kyau, kuma akwai masu lambu da yawa a wurare masu tsananin sanyi da suke binne ta kamar sentimita 5 saboda haka, ban ce sun yi kuskure ba. Ni dai na fi son in shuka a sama, in ganye ya bushe a ƙarshen kaka in lulluɓe da busasshen ganye ko ɓawon itace mai kauri, da bazara in yaye. Abinda yake kashe ta da hunturu yawanci haɗuwar sanyi da jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, sanyi shi kaɗai a busasshiyar ƙasa bai cika yi mata komai ba. Kawai kar a manta da yayewar, na taɓa mantawa da wani layi har ƙarshen Afrilu, da na buɗe ganyen ya fito fari sol a lanƙwashe, dodon koɗi sun yi biki a ciki.

Rana, taki da ruwa

Ba ki faɗi ko wurin yana samun rana ba. Tana son rana sosai, awa shida ko fiye, kuma wurin da ta fi jin daɗi shi ne gindin bangon da ke kallon kudu (ga wanda yake arewacin duniya), saboda bango yana shan zafi da rana ya saki da dare, ga shi yana kare ta daga iska da yawan ruwan hunturu. Ki kuma lura da maƙwabtanta, sau da yawa wurin yana da rana lokacin da aka shuka, amma zuwa Yuli wata shuka mai faɗin ganye ta baje ta rufe kawunan. Nerin ba ta iya kokawa da maƙwabci ba, cunkoso da 'yan'uwanta take so, na baƙi kuwa a'a.

Taki kuma, kin ce kin zuba sosai. In kashin dabbobi ne ko takin zamani mai yawan naitirojin, toh kin ba ta abincin ganye ne, ita kuma ta yi miki ganye, ba ta ci amanarki ba. A inda ta fito cikin duwatsu take, ƙasa mara ƙarfi. Ki daina zuba wannan gaba ɗaya. In za ki ba ta wani abu ki nemi takin ruwa mai yawan fotash, irin wanda ake yi don tumatir, ki tsarma shi ya fi yadda aka rubuta ruwa-ruwa, sau ɗaya a sati biyu ko uku daga tsakiyar lokacin zafi zuwa fitowar karan fure. Waɗanda ke cikin ƙasa ma wasu shekarun ba na ba su komai kuma suna yi, na tukunya ne ba sa haƙura.

Sai ruwa, kuma a nan ina da ja da abinda ake yawan faɗa. Za ki ji ana cewa nerin so take rana ta gasa ta a bushe duk lokacin zafi. Wannan maganar sarniensis ce aka ɗora wa bowdenii. Na bi wannan shawarar a farkon farawata, na hana nawa ruwa daga Yuni zuwa Agusta ina ganin gwaninta nake yi, ganyen ya yi rawaya tun kafin lokaci, kaka ta zo na samu kara uku daga kawuna kusan talatin, shekarar da ta biyo ma haka don tohon ya riga ya lalace a ciki. Shukar da ta fito daga ƙasar da ake ruwa a lokacin zafi ai ruwa take jira a lokacin. In an kwana goma ba ruwan sama ki ba ta ta ƙoshi, sannan ki bari saman ƙasar ya sha iska kafin ki ƙara. Da hunturu kuma ko ɗigo.

Ƙasar ita ce za ta raba gardama. Ki zuba bokiti ɗaya a wurin ki tsaya ki gani, in ruwan ya shige nan take madalla, in ya kwanta yana kallonki toh laka ce, kuma a laka gara ki ɗaga kunya ki cakuɗa da tsakuwa da yashi mai kaushi, ko ki koma tukunya.

Kuma kar ki yanke ganye don ya yi miki muni, ki bari ya bushe da kansa har in kin ja ya biyo hannunki.

In tukunya kika zaɓa

Gaskiya ga mai tsananin sanyi tukunya ta fi kwanciyar hankali, kuma ita kaɗai ce hanyar da za ki iya riƙe sarniensis in wata rana jan nan ya ja hankalinki. Tukunya mai faɗin sentimita 20 ta ishi kai uku zuwa biyar, ƙarama ta fi babba, ta yumɓu ta fi ta roba don tana numfashi, ƙasa kashi biyu tsakuwa kashi ɗaya, sulusin kan a waje. Abinda za ki kiyaye shi ne ƙasar tukunya ta fi ta lambu saurin daskarewa, don haka da hunturu ki shigar da ita wuri mai sanyi amma wanda ba ya daskarewa, ba ɗaki mai hita ba. Bowdenii ko a duhu ne ba komai tunda barci take, sarniensis kuwa tana buƙatar haske da ɗan ruwa duk hunturu, sai ganyenta ya bushe a ƙarshen bazara a ɗauke mata ruwa har ƙarshen Agusta. Ba na canza musu tukunya sai na ga kawunan sun fara matse ta har tana neman tsagewa.

Rabawa ma haka, bayan shekara huɗu ko biyar, ko in kin ga fure ya fara raguwa bayan ya saba yawa. Kuma kar ki ɓare su ɗaya-ɗaya, ki raba dunƙule-dunƙule. In kina yi za ki lura in ɓawon ya yage wasu zare-zare masu laushi kamar auduga suna biyo shi, ba cuta bace, haka fatarta take. Iri kuma in ya nuna za ki gan shi kore mai ruwa kamar ɗan ƙwallo, ba ya ajiyuwa, wani tun yana kan uwar yake fara tsiro, sai a ɗora shi a saman ƙasa a danna kaɗan ba a binnewa. Sai dai shekara uku zuwa biyar kafin fure, kuma ba lallai ya yi kama da uwar ba.

Ƙwari ba su cika damunta ba. Dodon koɗi na cin sabon toho, akwai wasu fararen ƙwari masu kamar auduga da ke ɓuya a wuyan na tukunya, sannan a wurare masu ɗumi akwai wata tsutsa mai zanen baƙi da rawaya da ke huda ganye ta gangara har cikin kan, wannan da kin gan ta ki tsince da hannu kar ki jira gobe. In kin ga ganye da zane-zanen rawaya a tsaye duk shekara kuma shukar na ramewa, yawanci bairos ne, ba shi da magani, cirewa ake yi. Abu ɗaya da ba na wasa da shi, kan nerin yana da guba kuma yana kama da albasa ƙwarai, kar a ajiye shi inda yara ko dabbobi za su kai, ko inda wani zai ɗauka da kuskure.

Iyakar abinda zan iya cewa daga nan

Ban ga lambunki ba, ban taɓa ƙasar ba, don haka zargi nake da abinda kika rubuta, kuma yawancin aikina akan bowdenii ne, sarniensis tukwane kaɗan gare ni kuma har yau wasu shekarun tana ƙin yi min fure ina kallonta tana kallona. Masu karatu da ke wuraren da ake zafi duk shekara ba tare da wani lokacin sanyi ba su ma kar su ɗauki wannan bayanin a matsayin alkawari, bowdenii tana buƙatar hutun sanyi a bushe, in babu shi tana iya yin ganye shekara da shekaru ba fure, kuma zafi mai tsanani shi ma yana lalata tohon a ciki.

Ke dai yanzu ki je ki yaye gindin guda ɗaya ki auna zurfin. In Allah ya sa ba ta yi nisa ba, ki fara leƙa wurin daga ƙarshen Agusta, za ki ga wani ɗan tsini kamar bakin mashi ya fito daga gefen wuyan, ba daga tsakiyar ganyen ba, a cikin 'yan makonni ya miƙe ya kai sentimita 45 zuwa 60 ya buɗe. In kin samu ko biyu ne daga cikin goman a shekara ta uku ki turo min hoto, ki haɗa da hoton wurin da tsakar rana in ga inda inuwa take faɗawa.